Hayayyafar Bargi a Tafkin Kiwo da Matsalar Bambance Namiji da Mace: Darasi daga Gonakin Arowana na Asiya

1.0 GABATARWA

Tun daga farkon shekarun 2000 kiwon kifi ya zama sana'a sananniya a birnin Kaduna, musamman a unguwannin da ke arewa da kogi, kamar su Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Mando. Amma duk wanda ya zaga kandamai da tafkunan da ke waɗannan wurare, kusan kifi iri ɗaya zai tarar, watau tarwaɗa, sai kuwa karfasa jefi-jefi. Dalilin haka bai tsaya ga daɗin nama ko kasuwa ba. Tarwaɗa kifi ce da ta miƙa wuya ga hannun ɗan Adam. Ana gane namiji da mace da ido, a yi wa macen allura, a tatse ƙwanta, a haɗa da maniyyin namiji, a sami 'ya'ya dubbai kafin kwana biyu su cika.

Akwai wani kifi a kogunanmu wanda ba ya baya wajen saurin girma, abincinsa kuma bai kai na tarwaɗa tsada ba, amma har yanzu bai sami gindin zama a tafkunan masu kiwo ba. Wannan kifi shi ne bargi, wanda masana su ke kira Heterotis niloticus, masu cinikin kifin ado a ƙasashen waje kuma su ke kira arowanan Afirka. Dangi ne ga wani kifin ado na kudu maso gabashin Asiya wanda ya ke cikin mafiya tsada a duniya, wanda kuma a ke kiwonsa a manyan gonakin tafki na kasuwanci.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda a ke hayayyafa arowana a gonakin Asiya, da yadda bargi ya ke hayayyafa a fadamunmu, sa'an nan ta nuna cewa ƙulli ɗaya ne ya ɗaure kifayen biyu, watau wuyar bambance namiji da mace. Daga nan za a duba hanyoyin da aka bi don kwance wannan ƙulli, a tace waɗanda mai kiwo a Kaduna zai iya amfani da su.

2.0 AROWANA DA DANGINSA

Masana halittun ruwa sun sa bargi cikin wani tsohon rukunin kifaye waɗanda a ke yi wa laƙabi da masu harshen ƙashi, saboda ƙashin da ke cikin harshensu. A ruwayen Nijeriya akwai waɗansu 'yan wannan rukuni, kamar yauni. A wajen Afirka kuwa, uku ne suka shafi maganarmu.

Na farko shi ne arowanan Asiya, Scleropages formosus, wanda ya ke zaune a koguna da fadamun Malesiya da Indunisiya da maƙwabtansu. Yana da manyan ɓawo masu ƙyalli da gashin baki biyu a haɓa. Akwai ja, akwai mai ruwan zinariya, akwai kore. Sinawa suna kamanta shi da wata dabbar almara tasu mai siffar ƙaton maciji, wadda su ke ɗauka alamar arziki da mulki, wannan ne kuwa ya ɗaga darajarsa a gidajen attajirai.

Na biyu shi ne arowana mai ruwan azurfa na Kogin Amazon, Osteoglossum bicirrhosum. Na uku shi ne arapaima, shi ma na Amazon, ƙaton kifi wanda tsawonsa ya kan wuce mita 2. Abin lura a nan shi ne, ko da ya ke sunan kasuwa ya haɗa bargi da arowanan Asiya, binciken masana ya nuna cewa arapaima shi ne ɗan'uwansa mafi kusa. Wannan magana tana da amfani ga mai kiwo, domin bargi da arapaima duka masu gina sheƙa ne, kuma dabarun da aka gwada a kan arapaima sun fi kusa da dacewa da bargi.

Bargi kansa, masanin Faransa Cuvier ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1829. Asalinsa kogunan yankin Sudan da Sahel ne, watau Nilu da Kwara da Binuwai da Sanagal da Gambiya da Bolta da Tafkin Cadi. Tsawonsa ya kan kai mita 1, nauyinsa kuma kimanin kilo 10. Yana iya shaƙar iskar sarari ta hanyar jakar iska da ke cikinsa, shi ya sa a ke ganin yana tasowa saman ruwa lokaci-lokaci, kuma ya ke jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da tsutsotsi da ƙwayoyin ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, yana tace su da wata gaɓa murɗaɗɗiya kamar gidan dodon koɗi da ke saman kunnuwansa. Littafin nan na kifaye da su a Arewacin Nijeriya, wanda Reed da Burchard da Hopson da Jenness da Ibrahim Yaro suka rubuta, Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar a 1967, ya lissafa shi cikin kifayen da masuntanmu suka sani sarai.

Saurin girmansa ya sa tun a shekarun 1950 da 1960 aka riƙa ɗaukarsa ana kaiwa ƙasashen da ba nasa ba, kamar kudancin Kamaru da Gabon da Kwango da Madagaska. A Kogin Nyong na Kamaru ya zama babban kifin kasuwa, ana kiransa kanga. A wani nazari da Monentcham da abokan aikinsa suka buga a 2009, wanda ya tattara abin da aka sani game da bargi, an nuna cewa yana iya kai kilo 3 zuwa 4 cikin shekara guda a tafki.

3.0 YADDA A KE KIWON AROWANA A ASIYA

A da arowanan Asiya kifin ci ne kawai wurin mutanen karkara. A 1975, shekarar da yarjejeniyar CITES ta hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta fara aiki, aka sa shi a jeri na ɗaya, watau jerin waɗanda aka haramta fataucinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da wannan yarjejeniya. Daga baya aka buɗe ƙofa ga gonakin da aka yi wa rajista, bisa sharaɗin kifin da za su sayar ya zama haifaffen gona ne. Don tabbatar da haka, kowane kifi a kan sa masa wata 'yar ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata, mai lamba tata ta kanta, a kuma haɗa shi da takardar shaida. Irin waɗannan gonaki suna da yawa a Bukit Merah ta jihar Perak a Malesiya, da Singafo, da yankin Kogin Kapuas a yammacin Kalimantan ta Indunisiya. Amurka kuwa, dokarta ta kare halittu ta hana shigar da shi ƙasar.

Tsarin gonakin ba shi da wuyar fahimta. A kan haƙa tafkin ƙasa, a zuba manyan kifaye da dama waɗanda suka balaga, watau masu shekara 3 zuwa 4 ko fiye, a bar su su zaɓi junansu. Mace ta kan zuba ƙwai kaɗan, 'yan gomomi kawai, amma manya ƙwarai, kowanne ya haura santimita 1 a kauri. Da namiji ya barbare su sai ya kwashe su cikin bakinsa, ya riƙe su har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su ci gaba da zama a bakin har kimanin wata biyu, shi kuwa ba ya cin abinci sosai a wannan lokaci. Masu gona ba su jira har ƙarshe. Da sun lura wani kifi ya ware kansa, ya daina zuwa wurin abinci, haɓarsa ta kumbura, sai su ja taru su tattara kifayen, su kama shi, su buɗe bakinsa a hankali, 'ya'yan su zubo cikin koma. Daga nan a kai su ɗakin reno.

Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan bayani shi ne, duk da kuɗin da ke cikin sana'ar, ba da allura a ke samun 'ya'yan arowana ba. Kifin ne ya ke zaɓen abokinsa, mai gona kuma aikinsa gyaran wuri da lura da rubutu. Ranar da aka sami 'ya'ya a bakin wani kifi, ranar ce aka tabbatar namiji ne, sai a karanta lambarsa a shigar a littafi. A haka, shekara bayan shekara, gona ta ke sanin kifayenta ɗaya bayan ɗaya.

4.0 YADDA BARGI YA KE HAYAYYAFA

Bargi bai bi hanyar ɗan'uwansa na Asiya ba. Shi maginin sheƙa ne. Wani masanin Ingila, J. S. Budgett, wanda ya yi bincike a Kogin Gambiya, ya bayyana sheƙarsa a wata takarda da ya buga a 1901, abin da ya faɗa kuwa ya yi daidai da abin da Sarkawa da sauran masunta suka daɗe da sani.

Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai namiji da mace su nemi wuri mai ciyawa, kamar burugu, inda zurfin ruwa bai wuce santimita 60 ba. Su kan tuge ciyawar tsakiya su tura ta gefe, har a sami fili kewayayye mai faɗin kimanin mita 1, mai katangar ciyawa da ta ɗan fito saman ruwa, ƙasansa kuma a share tas. Nan mace ta ke zuba ƙwai, ƙanana masu ruwan ɗorawa, kaurin kowanne kimanin milimita 2 da rabi. Cikin kwana biyu su ke ƙyanƙyashewa. Jariran suna fitowa da waɗansu jajayen zaruruwa a gefen kai waɗanda su ke shaƙar iska da su, daga baya su ɓace. Bayan kamar kwana biyar zuwa shida su kan bar sheƙa a dunƙule, baƙi ƙirin kamar gajimare, iyayen suna biye suna gadinsu.

Game da yawan 'ya'ya, binciken da Adite da Winemiller da Fiogbe suka yi a fadamar Kogin So da Tafkin Hlan a Jamhuriyar Benin, wanda aka buga a 2006, ya sami jarirai kimanin 4,000 zuwa 6,000 a sheƙa guda. Kwatanta wannan da 'yan gomomin arowanan Asiya zai nuna cewa ƙarancin ƙwai ba ya cikin matsalolin bargi. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, jariran suna mutuwa da yawa a makonnin farko, nazarin 2009 da aka ambata ya ce asarar ta kan kai kashi 80 zuwa 100 cikin 100. Ta biyu, mai kiwo ba ya iya ɗaukar kifi ya ce wannan namiji ne, wannan mace ce, balle ya haɗa su yadda ya ke so.

Saboda haka ne kiwon bargi ya dogara a kan abu biyu, ko dai hayayyafar da ya ke yi da kansa a tafki in ya ga dama, ko kuwa 'ya'yan da a ke kamowa daga fadama. Hanya ta biyu tana da haɗari ga kogi. Mai binciken Benin ya lura masunta su kan ɗana wa iyayen tarko a bakin sheƙa, to in aka kama iyaye, garken jarirai ya zama abincin tsage da tarwaɗa da tsuntsaye. A Peru ma an san irin wannan ɓarna, inda a ke kashe namijin arowana mai ruwan azurfa don a kwashe 'ya'yan da ke bakinsa a sayar wa masu kifin ado. Hausawa sun ce ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi, haka nan kasuwar gobe ba ta isa dalilin kashe uwar garke yau ba.

5.0 HANYOYIN BAMBANCE NAMIJI DA MACE

5.1 Duban ido

Namijin tarwaɗa yana da wani ɗan tsiro mai tsini a bayan mafitar kashi, na mace kuwa kewayayye ne mai tsaga. Karfasa ma, gwani ya kan raba su ta duban ƙofofin da ke wurin. Bargi ba shi da irin wannan alama bayyananna. Launinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Ko kumburin ciki da a ke gane mace mai ƙwai da shi a waɗansu kifaye ba ya fitowa sosai, domin jakar ƙwai guda ɗaya ce tak ta ke girma a cikin bargi, ta ɓangaren hagu, haka ma jakar maniyyin namiji, ga kuma ɓawo mai kauri da ya rufe jikin kamar sulke. A Asiya masu gona su kan ce namijin arowana ya fi faɗin baki da zurfin haɓa, jikinsa kuma ya fi siranta, amma su kansu sun san wannan hasashe ne wanda ya kan ci tura, musamman ga kifin da bai balaga ba.

5.2 Lissafi

Inda ido ya gaza, lissafi yana taimakawa. A ɗauka maza da mata daidai su ke a yawa cikin kifayen da a ke zaɓa. Wanda ya sayi bargi 2 da nufin su hayayyafa, rabi da rabi ne, ko ya dace ko ya tashi da jinsi ɗaya, ya yi shekara biyu yana ciyar da maza biyu yana jiran ƙwai. In ya sayi 6, yiwuwar su zama jinsi ɗaya duka ta ragu zuwa 1 cikin 32. In ya sayi 10, ta koma 1 cikin 512. Wannan shi ne sirrin zuba kifaye da yawa a tafki ɗaya da gonakin Asiya su ke yi. Sai dai hanyar tana da tsada, domin ana ciyar da kifaye da dama waɗanda ba su haihuwa, kuma waɗanda ba su sami aboki ba su kan dami masu sheƙa.

5.3 Gwajin jini

Idan mace ta fara haɗa ƙwai, hantarta ta kan sarrafa wani sinadari wanda jini ya ke ɗauka ya kai wa ƙwan, ya zama gwaiduwa. Namiji lafiyayye ba ya yin wannan sinadari. Saboda haka in aka ɗibi jini kaɗan daga gindin wutsiya aka sami sinadarin gwaiduwa a ciki, to mace ce. Chu-Koo da abokan aikinsa sun nuna ingancin wannan hanya a kan arapaima a Peru, a binciken da suka buga a 2009, masu bincike a Kwaddibuwa da Faransa kuma sun yi nazarin sinadarin a jikin bargi kansa. Iyakar hanyar ita ce ba ta aiki sai ga macen da ta balaga ta fara haɗa ƙwai. Rashin samun sinadarin bai tabbatar da namiji ba, mai yiwuwa mace ce da lokacinta bai yi ba. Don haka lokacin da ya fi dacewa a yi gwajin shi ne gab da faɗuwar damina.

5.4 Leƙen ciki

A Barazil an gwada sa wa arapaima maganin barci, a zura wata siririyar na'ura mai fitila da madubi cikin cikinsa, a ga jakar ƙwai ko ta maniyyi ido da ido. Hanyar tana ba da tabbaci, amma tana bukatar likitan dabbobi da kayan aiki masu tsada, kuma kifin ya kan wahala. Ta fi dacewa da cibiyar bincike fiye da gonar mutum ɗaya.

5.5 Gwajin ƙwayoyin gado

Wannan hanya ce kaɗai za ta iya bambance jinsi tun kifi yana ƙarami, da ɗan yankin fiffike kawai. A 2003 Yue da abokan aikinsa a Singafo sun sami wata alama a ƙwayoyin gadon koren arowana wadda ta ke da alaƙa da jinsi, sai dai ba ta yi aiki ga sauran launuka ba, kuma ko a koren ba ta dace ɗari bisa ɗari ba. A 2016 aka buga cikakken tsarin ƙwayoyin gadon arowanan Asiya, a 2021 kuma aka ba da rahoton wata alama da ta keɓanta ga namijin arapaima. Kasancewar arapaima ɗan'uwan bargi na kusa, wannan fage ne da ya kamata jami'o'inmu su shiga.

5.6 Shaida da rubutu

Hanya mafi arha ita ce wadda aka gani a sashe na uku. Duk bargi biyu da aka gani suna gadin sheƙa ɗaya mai ƙwai, an san namiji da mace ne, ko da ba a san wane ne wane ba. Abin da mai kiwo ya ke bukata ke nan. In kowane kifi yana da shaida, aka kama ma'auratan bayan sun gama reno aka rubuta lambobinsu, to baɗi sai a ware musu tafki nasu su kaɗai. Abin da ido ya kasa, alƙalami ya yi.

6.0 HALIN DA A KE CIKI A AREWACIN KADUNA

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin, ya bi ta madatsar Shiroro wadda aka kammala a 1990, ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe. Damina a nan ta kan fara daga Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Wannan lokaci ne na sheƙar bargi, kuma yanayinmu nasa ne tun asali. Arowanan Asiya kuwa ɗan ƙasar zafi da laima ne duk shekara, sanyin hunturun Disamba da Janairu ba zai yi masa daɗi a buɗaɗɗen tafki ba, ga kuma sharuɗɗan CITES da ke kan duk wanda ya ke son fataucinsa. Bargi ba ya cikin jerin CITES.

Amma akwai cikas guda uku. Na farko, yawancin masu kiwo a cikin gari kandamin siminti ko na roba ko na tamfol su ke amfani da shi, bargi kuwa ba zai yi sheƙa a kan siminti ba. Yana bukatar ƙasa da ciyawa da ruwa marar zurfi. Na biyu, filayen da suka dace, watau fadamun bakin kogi daga Rafin Guza zuwa Malali da Unguwar Rimi da Kabala, gine-gine sun ci yawancinsu, abin da ya rage kuma yana fuskantar ambaliya, kamar wadda aka yi a 2003 da 2012. Tafkin da ba shi da doguwar katanga, dare ɗaya kogi zai kwashe kifayen da aka yi shekaru ana tarawa. Na uku, iyayen bargi ba su fara haihuwa sai sun kai kimanin shekara biyu, mai kiwon da ya saba juya kuɗinsa cikin wata biyar ko shida da tarwaɗa kuwa ba kasafai ya ke da wannan haƙuri ba.

A ɗaya gefen kuma, wannan yanki yana da gata. Tsakanin 1978 da 1980 Sashen Kula da Kifi na Tarayya ya kafa cibiyoyi huɗu na samar da irin kifi, a Oyo da Umuna-Okigwe da Panyam da Mando ta Kaduna. A kan hanyar Mando ɗin nan akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. Madatsar Kangimi tana ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa. A Sabuwar Busa kuma akwai Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968. Ilmi da ruwa da ma'aikata duka suna kusa da juna.

Game da kasuwar ado, bargi ba shi da ja ko zinariyar ɗan'uwansa, launinsa toka-toka ne mai ɗan ruwan tagulla, saboda haka kada wani ya sa rai da irin farashin Asiya. Sai dai masu ajiye kifi a gilashi a ƙasashen waje suna nemansa, kuma abin da su ke kuka da shi shi ne ƙananan da aka kamo daga daji su kan ƙi cin abincin da a ke ba su, su rame su mutu. Bargin da aka haifa a tafki aka saba masa da abincin hannu tun yana ƙarami ya fi wannan daraja. Wanda bai shiga kasuwar ado ba kuma, kasuwar ci tana jiransa, ɗanye ko banda.

7.0 SHAWARWARI

Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, tafkin iyaye ya zama na ƙasa, mai zurfi a tsakiya, da faffaɗan gefe marar zurfi, tsakanin santimita 30 da 60, wanda aka bar ciyawa ta tsiro a kansa. A rage ruwa da rani, a ɗaga shi sannu a hankali da farkon damina har ya hau ciyawar, don a kwaikwayi cikar fadama.

Na biyu, kada a fara da kifaye ƙasa da 8 ko 10, kuma a samo su daga wurare dabam-dabam don gudun auren dangi. A sa wa kowanne shaida tun ranar da ya shigo.

Na uku, a buɗe littafi. A rubuta ranar da aka ga sheƙa, da inda ta ke, da zurfin ruwa, da ranar da jarirai suka fita, da lambobin iyayen.

Na huɗu, a shirya tafkin reno tun kafin ƙwai su ƙyanƙyashe. A zuba masa takin kaji ko na shanu daidai gwargwado don ƙananan halittun da jarirai su ke ci su yawaita, domin da gwaiduwar da ke cikinsu ta ƙare, yunwa ce ta ke fara kashe su. A kewaye shi da raga saboda kwaɗi da guza da zalɓe, a tabbata ba tarwaɗa ko guda a ciki.

Na biyar, gwajin jini da na ƙwayoyin gado su zama aikin cibiyoyi. Ya kamata cibiya ɗaya ta ɗauki nauyin tara iyayen da aka tantance jinsinsu, ta riƙa sayar wa masu kiwo ma'aurata, kamar yadda a ke sayar da ingantaccen irin masara.

Na shida, sarakunan ruwa da hukumomin kifi su haɗa kai wajen hana kama bargi a kan sheƙa a watannin cikar kogi.

Na bakwai ya shafi mu malaman kwalejojin ilmi. Ɗaliban aikin gona da na nazarin halittu suna iya yin aikinsu na ƙarshe a kan wannan kifi. Duk bargin da aka fede a kasuwa dama ce ta auna tsawon kai da faɗin baki da tazarar fukafukai, a duba jinsinsa, a rubuta. Awo ɗari da ɗari irin wannan, in aka tara shi shekaru, shi zai nuna ko akwai wata alama ta waje da za a dogara da ita a kifayen Kogin Kaduna. Haka nan a zauna da tsofaffin masunta a rubuta abin da suka sani game da sheƙa da lokacinta, da Hausa, kafin ilmin ya tafi da masu shi.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa arowanan Asiya da bargi sun sha bamban wajen reno, ɗaya a baki, ɗaya a sheƙa, saboda haka dabarar buɗe bakin namiji ba ta da wurin zama a tafkin bargi. Amma sun haɗu a kan abu biyu, ba a gane jinsinsu da ido, kuma ba su haihuwa sai sun zaɓi juna a wurin da ya kwanta musu. Gonakin Asiya sun ci nasara ne ta hanyar gyara tafki, da sa wa kowane kifi shaida, da riƙe littafi shekara da shekaru. Waɗannan abubuwa uku ba su fi ƙarfin mai kiwo a Mando ko Rafin Guza ba. In aka yi su, aka kuma sami cibiyar da za ta tallafa da gwajin jini, bargi zai shiga sahun tarwaɗa a tafkunanmu, sheƙunan da ke fadamun Kogin Kaduna kuma su sami sauƙin hannun masu neman iri.